Daga rigar lauya zuwa kujerar Kakaki da gidan gwamnati: yadda lauya ke hawa a siyasar Najeriya

Tambaya: Ina aji huɗu a tsangayar shari'a, kuma ina da burin shiga siyasa. Na lura lauyoyi da yawa sun zama gwamnoni, ministoci da shugabannin majalisa. Ta wace hanya suke bi, kuma me ya kamata in fara yi tun yanzu?

Amsa: Ƙanena, karatun shari'a yana kai mutum kusa da masu mulki da wuri, domin kowane ɗan siyasa yana buƙatar wanda zai karanta masa takarda kafin ya sa hannu, ya rubuta masa ƙudiri, ya tsaya masa a kotu. Amma zama kusa da kujera daban, zama a kanta daban. Kujerar zaɓe daga jam'iyya da mazaɓa take fitowa, kuma lauyoyi da dama sun tsufa a bakin ƙofar saboda ba su raba waɗannan biyun ba. Zan ɗauki rayuwar Aminu Waziri Tambuwal a matsayin misali, ba don ina tallata siyasarsa ba, sai don ya taka kusan kowane mataki na tsanin a fili, inda kowa ke iya ƙirgawa.

An haife shi a garin Tambuwal na jihar Sakkwato a 1966. Ya fara da kwalejin horon malamai ta Dogon Daji, ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gama a 1991, ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi ta Legas, aka rantsar da shi lauya a 1992. Bai ci zaɓensa na farko ba sai 2003. Shekara 11 ke nan tsakani, kuma waɗannan shekarun su ne ɗalibai ke tsallakewa idan suna ba da labarin manya, alhali a cikinsu aka kafa komai.

Naka matakin na yanzu a bayyane yake. Ka gama shekara biyar ɗinka, ka samu gurbi a makarantar lauyoyi, ko a hedikwatarta ta Bwari ko a rassanta irin na Bagauda, Yola, Legas da Enugu, ka yi zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauya, ka ci jarrabawar ƙarshe, a rantsar da kai, a shigar da sunanka a rajistar Kotun Ƙoli, ka yi hidimar ƙasa. Ka riƙe ranar rantsuwar nan da kyau, domin daga ita ake ƙirga girma a wannan sana'a, kuma daga ita tsarin mulki ke ƙirga shekara 10 da ake buƙata kafin a naɗa mutum Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati. Abu guda da za ka duba tun kana makaranta: sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a takardar firamare, ta sakandare, ta jami'a da ta hidimar ƙasa. Dalilin yana zuwa a gaba.

A shekarun aikinsa na farko, Tambuwal ya shiga harkar Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, ya riƙe muƙami a reshen Sakkwato, sannan a matakin ƙasa. Kada ka raina wannan. Zaɓen NBA makaranta ce ta siyasa mai arha: a nan mutum ke koyon neman ƙuri'ar wanda ya girme shi, ƙulla yarjejeniya da reshen Enugu ko na Ibadan, da haƙurin shan kaye ba tare da ɓata zumunci ba. Lauyan da ya yi wannan yawon yana da abokai a jihohi 36 kafin ya taɓa sayen fom na jam'iyya.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, ya karɓi aikin da lauya mai shekara bakwai da rantsuwa zai iya gani kamar ƙasƙanci: mataimaki kan harkokin majalisa ga Sanata Abdullahi Wali. A ganina wannan shi ne mataki mafi amfani a duk tafiyarsa. Mai irin wannan aiki shi ke karanta jadawalin zaman gobe tun da dare, ya rubuta jawabin da maigidansa zai yi, ya bi ƙudiri daga karatu na farko, inda take kawai ake ambata, zuwa karatu na biyu, inda ake muhawara kan manufarsa, zuwa kwamiti da zaman jin ra'ayin jama'a, zuwa duba shi sakin layi bayan sakin layi, sannan karatu na uku. Zai san cewa dole ɗaya majalisar ta amince da rubutu iri ɗaya, cewa shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, kuma idan ya ƙi sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa kafin ya zama doka, kamar yadda sashe na 58 na tsarin mulki ya tanada. Mafi muhimmanci, zai haddace littafin ƙa'idojin zaman majalisa. Sabbin 'yan majalisa da yawa suna shafe shekara biyu ba su san lokacin da ake ɗaga hannu kan saɓa ƙa'ida ba. Wanda ya shigo ya riga ya sani, cikin 'yan watanni abokansa za su fara zagayowa wurinsa neman shawara, kuma daga nan jagoranci ke farawa.

Haɗarin wannan aiki shi ne daɗewa. Wanda ya yi shekara takwas yana riƙe wa wani jaka, jama'a sun gama yi masa suna yaron wane, kuma maigidan da ke jin daɗin aikinsa ba ya son sakinsa. Tambuwal bai daɗe ba. Ya koma gida, a 2003 ya tsaya takarar Majalisar Wakilai a mazaɓar Kebbe da Tambuwal ƙarƙashin ANPP, jam'iyyar da ke mulkin Sakkwato a lokacin, ya ci yana da shekara 37.

A nan ne za ka ga cewa tsarin mulki bai ba lauya wata fifiko ba. Sashe na 65 yana neman ɗan ƙasa, mai ilimi daidai da takardar sakandare, ɗan jam'iyya wanda jam'iyyar ta tsayar. Bayan gyaran 2018, shekarun takarar Majalisar Wakilai da ta jiha sun sauko zuwa 25, na shugaban ƙasa zuwa 35, na sanata da gwamna suka tsaya a 35. Babu takara ba jam'iyya. Don haka dillalin shanu da ya yi shekara 15 yana halartar suna da jana'iza a kowace gunduma ya fi lauyan da ke sauka daga Abuja ranar sallah kusa da tikiti, kuma ba zalunci ba ne, da ɗan gari akan ci gari. Rajistar jam'iyya a gunduma ake yinta, kuma a zaɓukan baya shugabannin gunduma da deliget su suka riƙa yin zaɓen fid da gwani idan ba ƙato bayan ƙato aka yi ba. Abin da lauya ke da shi wanda dillali ba shi da shi shi ne hidimar da ba ta cin kuɗi mai yawa: belin yaron da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sasanta rikicin gona, rubuta wa ƙungiyar 'yan kasuwa tsarin mulkinta, tsaya wa gwauruwa kan gadonta. Shekara biyar na wannan a ƙaramar hukuma ɗaya ya fi fosta dubu goma.

Kuɗi kuma ka san nauyinsa tun yanzu. A 2022, APC ta sayar da fom na majalisar jiha naira miliyan 2, na Wakilai miliyan 10, na sanata miliyan 20, na gwamna miliyan 50. PDP ta sayar da na Wakilai miliyan 2.5, na gwamna miliyan 21. Fom shi ne ƙaramin kashi. Saura yana tafiya a sufuri, deliget, da wakilan rumfuna ranar zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar Wakilai zai kashe a miliyan 70, na gwamna biliyan 1. Matashin lauya ba shi da wannan, shi ya sa uban gida ke shigowa. Ka shiga irin wannan alaƙa ido buɗe, ka san abin da ake so a hannunka kafin ka karɓa, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Yanzu dalilin da ya sa na ce ka duba takardunka. Ɗan takara yana cika fom na bayanan kansa ya rantse a kansa, INEC ta liƙa shi kowa ya gani, abokan hamayya su bi shi layi-layi. A Bayelsa, ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamna saboda bambancin sunaye a takardun mataimakinsa. Ba ma nasa ba. A Zamfara, ranar 24 ga Mayu 2019, kotun ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, duk ƙuri'un da ta samu suka zama asara, kujerar gwamna da na majalisu suka koma ga waɗanda suka zo bayanta. Lauyan da ya ƙware a nan, wanda ya san a sanar da INEC kwana 21 kafin taron fid da gwani, a miƙa rajistar 'yan jam'iyya a kan lokaci, a ajiye rahoton jami'an da suka sa ido, jam'iyya ba ta iya rabuwa da shi. Kuma ka haddace wa'adin sashe na 285: ƙarar da ta shafi kafin zaɓe kwana 14 daga faruwar abin, ƙarar zaɓe kwana 21 daga bayyana sakamako, kotun zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara cikin kwana 60. Ba a ƙara ko yini ɗaya. Ƙararraki masu hujja mai ƙarfi sun mutu saboda an makara da kwana guda. Dokar zaɓe kuwa ana yawan taɓa ta, don haka wadda ke aiki a shekarar takararka ita za ka karanta da kanka, ba wadda aka koya maka a aji ba.

Mu koma majalisa. A zangonsa na farko Tambuwal ya zama shugaban marasa rinjaye. Gabanin zaɓen 2007 siyasar Sakkwato ta hargitse, ya ƙare a PDP tare da Aliyu Magatakarda Wamakko, ya sake cin zaɓe, ya zama mataimakin mai tsawatarwa. Ka lura da abin da ya tara: ya jagoranci 'yan adawa, sannan ya shiga jagorancin masu rinjaye, ya san mutanen ɓangarorin biyu da sunansu. A 2011 PDP ta ware kujerar Kakaki ga Kudu maso Yamma bisa tsarin karɓa-karɓa, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola, ita ma lauya. Amma sashe na 50 ya ce 'yan majalisa su ke zaɓen Kakaki daga cikinsu, bai ambaci jam'iyya ko shiyya ba. Ranar 6 ga Yuni 2011 Tambuwal ya samu ƙuri'a 252, ita ta samu 90, da goyon bayan 'yan adawa da wani ɓangare na jam'iyyarsa. Sanin doka ya nuna masa ƙofar a buɗe take, amma ƙuri'a 252 cikin majalisa mai mutum 360 shekara takwas na mu'amala ne suka kawo su. Yakubu Dogara, shi ma lauya daga Bauchi, ya bi kusan wannan hanyar a 2015, ya doke wanda jam'iyyarsa ta so.

Wurin da lauya ya kamata ya tsaya ya yi nazari shi ne sauya sheƙar 2014. Sashe na 68(1)(g) ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Ranar 28 ga Oktoba 2014 Tambuwal ya sanar da komawarsa APC a zauren majalisa, aka ɗage zama zuwa Disamba. Rundunar 'yan sanda ta janye masu tsaronsa tana kafa hujja da wannan sashe. Ranar 20 ga Nuwamba, da aka kira majalisa zaman gaggawa don duba batun tsawaita dokar ta-ɓaci a Adamawa, Borno da Yobe, aka rufe ƙofa, aka harba barkonon tsohuwa, wasu 'yan majalisa suka haura shinge. Bai rasa kujerar ba har ƙarshen zango. Dalilai uku ne: fassara sashen aikin kotu ne ba na 'yan sanda ba, tsarin mulki ya ɗora wa shugaban majalisar ne, wato shi Kakakin kansa, aiwatar da wannan tanadi bayan gabatar da hujja ga majalisa, kuma tsige Kakaki sai da kashi biyu cikin uku, adadin da babu wanda ya iya tarawa. Ra'ayina a nan, ƙanena, shi ne abin da doka ta bari da abin da ya dace ba kullum suke haɗuwa ba. Mutanen da suka zaɓe ka a ƙarƙashin wata alama suna da haƙƙin a tambaye su, kuma lauya ya fi kowa sanin ramukan doka, don haka jarrabawar ta fi masa nauyi. Ɗan majalisa na gama-gari da ya kwaikwayi wannan mataki ba tare da rabuwar jam'iyya a matakin ƙasa ba yana iya wayar gari ba kujera, domin Kotun Ƙoli ta riga ta ce rikicin reshen jiha bai isa hujja ba.

Ya ci gwamnan Sakkwato a 2015 a APC, ya koma PDP a Agusta 2018. Gwamna ba ya cikin wancan sashe, shi ya sa gwamnoni ke sauya sheƙa da kujerarsu. Ya nemi tikitin shugaban ƙasa a Fatakwal a Oktoban wannan shekara, ya zo na biyu bayan Atiku Abubakar. Zaɓen 2019 shi ne darasin da nake so kowane ɗalibin shari'a ya riƙe. A zagayen farko tazararsa da Ahmad Aliyu, tsohon mataimakinsa, ba ta kai yawan ƙuri'un rumfunan da aka soke ba, INEC ta ce zaɓe bai kammala ba. Bayan zagaye na biyu ya samu 512,002, Ahmad Aliyu 511,660. Tazarar ƙuri'a 342, ƙasa da masu rajista a rumfa ɗaya mai matsakaicin girma. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, ta tabbatar masa a Janairu 2020. A irin wannan shari'a, iya magana a gaban alƙalai ba ta ceton kowa. Abin da ke aiki shi ne takardar sakamakon kowace rumfa, EC8A, mai sa hannun wakilinka, da shaidu da suka gani da idonsu a rumfar, domin kotu tana ɗaukar sakamakon INEC a matsayin daidai har sai mai ƙara ya rushe shi rumfa bayan rumfa. Wanda bai horar da wakilansa ba, bai biya su ba, bai tattara kwafinsu a daren zaɓe ba, ya faɗi shari'ar kafin ya shigar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan zango biyu ya tafi Majalisar Dattawa a 2023 daga Sakkwato ta Kudu.

Akwai hanya ta biyu, ta naɗi, wadda ta fi dacewa da wanda ƙarfinsa a littafi da kotu yake. Kujera ɗaya ce a majalisar zartarwa da tsarin mulki ya keɓe wa lauya, Antoni Janar, sashe na 150 a tarayya, na 195 a jiha, da sharaɗin shekara 10. Ibrahim Shema ya riƙe ta a Katsina daga 1999 zuwa 2003 a gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya shiga shugabancin PDP na ƙasa, ya gaji maigidansa a 2007. Yemi Osinbajo ya koyar a Jami'ar Legas, ya yi wa Antoni Janar na tarayya Bola Ajibola mai ba da shawara, ya riƙe ma'aikatar shari'a ta Legas daga 1999 zuwa 2007, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2015 ba tare da ya taɓa tsayawa wani zaɓe kafin nan ba. Abubakar Malami, wanda aka rantsar da shi lauya a 1992 kamar Tambuwal, ya yi wa CPC lauyan jam'iyya na ƙasa, ya nemi tikitin gwamnan Kebbi a 2014 bai samu ba, ya zama ministan shari'a a 2015. Wannan hanyar ta fi sauri kuma ta fi arha, amma tsani ne da wani ke riƙe da shi. Ranar da ya saki, wanda ba shi da mazaɓa ba shi da wurin dira. Kuma kujerar kanta tana da nauyi: Antoni Janar yana da ikon shigar da ƙarar laifi, karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta, kuma tsarin mulki ya ce ya yi la'akari da maslahar jama'a da adalci. Wanda yake wa aiki jiha ce, ba mutumin da ya naɗa shi ba, kuma ranar da biyun suka saɓa ita ce ranar da ake gane lauyan.

Kafin ka karɓi aikin farko, ka san abin da kowanne ke rufe maka. Idan ka shiga ma'aikatar shari'a ko ka zama majistare, ma'aikacin gwamnati ne kai, kuma dole ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Idan ka hau har alƙalin babbar kotu, sashe na 292 ya hana ka sake tsayawa gaban kowace kotu a matsayin lauya bayan ka sauka. Idan muƙamin siyasa aka naɗa ka, dokar 2022 ta hana ka zaɓa ko a zaɓe ka a taron fid da gwani sai ka sauka, abin da ya sa wasu ministoci suka ajiye aiki a Mayu 2022, wasu suka janye burinsu. Mai burin takara, ofishin lauya mai zaman kansa a babban birnin jiharsa ya fi masa sauƙi, musamman ofishin da ke karɓar shari'un zaɓe. Ranar da ka hau kujerar gwamnati ta cikakken lokaci, dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana ka gudanar da ofishin, noma kaɗai ta bari, kuma za ka bayyana kadarorinka lokacin shiga, duk bayan shekara huɗu, da lokacin fita. Don haka ka kafa ofishin da abokin tarayya da rubutacciyar yarjejeniya, fayilolin jama'a da kuɗin da ke asusun masu shari'a su kasance a hannun wanda zai ci gaba da su, ka kuma ci gaba da biyan kuɗin lasisinka kafin 31 ga Maris kowace shekara, domin zango shekara huɗu ne, wanda ya sha kaye kuma ofishin nan zai koma.